Idon Aro

A ɗakin Baffana, can ƙauyenmu da ke gefen fadamar Haɗeja, akwai wata ƙusa a bango wadda aka rataye burtu a jikinta tun kafin a haife ni. Ina nufin kan nan da maharba ke sassaƙawa da itace, su lulluɓe shi da fata, su ɗaura a goshi. Idan Baffa ya ɗaura shi, ya yafa baƙin zane, ya shiga rarrafe cikin ciyawa yana gyaɗa kai kamar tsuntsu mai kiwo, barewa ba ta razana, domin ta saba ganin burtu kusa da ita. Abin da ke tsakanin maharbi da nama a ko'ina cikin duniya shi ne tazara. Kakanninmu sun ci wannan tazara ta hanyar kai jikinsu kusa da dabba, su kuwa Turawa suka ɓullo mata ta wata fuska, suka jawo siffar dabbar zuwa ga idonsu alhali tana can inda take. Na tashi a hannun mai dabara ta farko, kuma sai da na kai shekara talatin da ɗoriya na mallaki ta biyu.

Karon farko da na sayi madubin hangen nesa an cuce ni, ko in ce na cuci kaina. Sabo ne fil, gilasansa jajaye suna walƙiya, an rubuta a jikinsa cewa yana kusanto da abu har ninki sittin. Kwana uku na yi ina kallon tsuntsaye da shi, kwana ukun nan da ciwon kai na kwana, kowace balbela sai ta zama biyu. Araha ba ta ado. Bayan shekara guda na shiga wani shagon kayan gwanjo a Kano, inda tsofaffin kyamarori da agogai ke jibge cikin ƙura, mai shagon ya ciro wani baƙin madubi daga jakar fata da ta soma tsattsagewa.

"Malam, in dai na gani kake nema ba na ado ba, ga shi," in ji shi.

"Alhaji, ai wannan ya girme ni."

"Ya girme ka, kuma zai ga jikokinka in ba ka yar da shi ba. Leƙa waje da shi tukuna, sannan mu yi ciniki."

Na fita bakin titi na saita shi a kan wata hasumiyar masallaci mai nisa. Akwai tattabaru a kanta, kuma har jan ƙafafunsu na gani. A kafaɗar madubin ta hagu an rubuta Carl Zeiss Jena, a ta dama Jenoptem 8x30W, ga kuma haruffa uku, DDR. Na biya kusan rabin albashina na wata, na tafi gida ina tunanin yadda zan yi wa uwargida bayani. Waɗannan haruffa uku su suka sa ni bin sawun abin, domin sunan wata ƙasa ne da ta riga ta shuɗe, Jamus ta Gabas. Wato na sayi kayan da suka fi ƙasar da ta ƙera su tsawon rai.

Labarin ya faro ne a Holan. A watan Oktoba na 1608 wani mai yin tabarau a garin Middelburg, Hans Lipperhey, ya nemi majalisar ƙasarsa ta ba shi takardar mallakar wata ƙirƙira: bututu mai gilashi biyu wanda ke sa abu na nesa ya zama kamar yana kusa. 'Yan majalisar, waɗanda ƙasarsu ke cikin yaƙi da Sifen, sun gane amfaninsa nan take, amma suka ce kallo da ido ɗaya akwai gajiya, ya je ya yi mai ido biyu. Ya yi, aka biya shi, aka kuma hana shi takardar, saboda ta bayyana cewa wasu ma sun san dabarar. Ashe tun ranar farko mutane sun so su yi hangen nesa da idanunsu biyu, sai dai an ɗauki kusan shekara ɗari uku kafin a iya yin hakan yadda ya kamata.

Dalilin jinkirin yana cikin halin haske. Irin madubin da Galileo ya ƙera a 1609 yana nuna abu a tsaye daidai, amma filin da yake nunawa ƙunci gare shi, kamar mai leƙe ta kafar makulli, kuma ƙuncin na ƙaruwa gwargwadon ƙarfin madubin. Shi ya sa ƙananan da Turawa ke riƙewa a gidajen wasan kwaikwayo ba su cika wuce ninki biyu ko uku ba. Ɗaya tsarin, wanda Kepler ya bayyana, yana da faɗin fili, amma yana juya komai ƙafa a sama kai a ƙasa. Mai duban taurari bai damu ba, tauraro ba shi da kai balle ƙafa. Maharbi da soja kuwa ba za su yi aiki da duniya a kife ba. Idan aka ƙara gilasai domin miƙe hoton, sai bututun ya yi tsawo, kuma haɗa dogayen bututu biyu su kalli wuri ɗaya daidai wa daida aiki ne da ya gagari maƙeran wancan zamani.

Wani Ba'italiye mai aikin safiyo, tsohon hafsan soja, Ignazio Porro, shi ya gano mafita. A 1854 ya yi rajistar dabarar sa dunƙulen gilashi biyu masu kusurwa uku, wato firizim, a cikin bututun. Haske na shiga ya yi karo da bangon gilashin ya juya, har sau huɗu, ya fito hoton ya miƙe, kuma doguwar tafiyar hasken ta naɗe cikin ɗan gajeren akwati. Wannan ne ya sa madubina yake da kafaɗu, gilasan gaba sun fi na ido buɗewa. Porro bai ci moriyar abinsa ba. Gilashin zamaninsa cike yake da kumfa da jirwaye, kuma hasken da zai yi doguwar tafiya cikin irin wannan gilashi dushewa yake yi. Ya rasu a 1875, dabararsa na kwance a takarda.

A garin Jena na Jamus aka tashe ta. Carl Zeiss ya buɗe ɗan shagonsa a can a 1846 yana ƙera madubin ƙwayoyin cuta da gwaji da sa'a, har ya jawo wani malamin jami'a, Ernst Abbe, wanda ya mayar da sana'ar lissafi. Na ukunsu Otto Schott ne, masanin haɗa sinadarai, wanda suka kafa masana'antar gilashi tare a 1884, ya riƙa narka sababbin nau'o'in gilashi masu tsabtar da ba a taɓa gani ba. Abbe ya sake gano dabarar firizim da kansa, ya kai ofishin rajista a 1893, aka buɗe masa tsofaffin takardu aka nuna masa sunan Porro. Abin da aka yarda nasa ne shi ne buɗa gilasan gaba fiye da tazarar idanun mutum, wanda ke sa mai kallo ya ji zurfin fili, ya bambance bishiyar da ke gaba da wadda ke baya. A 1894 madubin ya shiga kasuwa. Shi Zeiss ya rasu tun 1888, bai taɓa riƙe ko ɗaya daga cikin miliyoyin maduban da ke ɗauke da sunansa ba. (Abbe kuwa ya sa ni jinjina masa ta wani ɓangaren: ya mayar da kamfanin hannun gidauniya, ya kuma rage wa ma'aikatansa lokacin aiki zuwa awa takwas a 1900, lokacin da hakan baƙon abu ne.)

Na so a ce masu kallon tsuntsaye ne suka raya wannan sana'a, amma tarihi bai ce haka ba. Sojoji ne. Lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, Birtaniya ta farga cewa fiye da rabin gilashin da take ƙera kayan hange da shi daga Jamus yake zuwa, wato daga hannun abokiyar gabarta. Tsohon kwamanda Lord Roberts ya yi kira ga jama'a su ba da aron madubansu, maharba da masu zuwa sukuwar dawaki suka kawo dubbai. Abin bai isa ba, har a 1915 jami'an Birtaniya suka tuntuɓi Jamusawa a asirce ta ƙasar Siwizalan, ana maganar musayar madubai da roba, wadda ita kuma Jamus ke matuƙar buƙata. Ƙasashe biyu suna kashe 'ya'yan juna a ramuka, wakilansu na zaune suna tattauna yadda ɗaya za ta sayar wa ɗaya abin da za ta hango 'ya'yanta da shi. Da Amurka ta shiga yaƙin ita ma ta yi roƙon aro, da sa hannun Franklin Roosevelt, wanda a lokacin mataimakin sakataren rundunar ruwa ne. An riƙa ba kowane mai madubi dala ɗaya, da alkawarin mayar masa da kayansa in sun tsira. Wannan shi ne babban cinikin madubin gwanjo na farko da na ci karo da shi, kuma gwamnatoci ne masu saye.

Akwai sauran matsala guda. Duk inda haske ya ratsa daga iska zuwa gilashi, ko daga gilashi zuwa iska, kusan kashi 4 cikin 100 na komawa baya. A madubi mai irin waɗannan fuskoki goma ko fiye, abin da ke isa ido bai fi rabi da 'yan kai ba, sauran na yawo a ciki yana sa hoto hazo. A 1935 Alexander Smakula, ɗan Yukiren da ke aiki a Jena, ya gano cewa shafa wa gilashi wani sinadari siriri ƙwarai, wanda kaurinsa bai kai tsawon zangon haske ba, yana kashe yawancin wannan asara. Gwamnatin Hitila ta mayar da abin sirrin soja. A shekarun yaƙi na biyu ma an daina buga sunan kamfani a kan kayan soja, sai haruffan ɓoye, na Jena su ne blc, kuma cikin masu aikin akwai dubban mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka mamaye aka tilasta musu. Duk lokacin da na karkata madubina na ga shuɗi-shuɗin nan mai ruwan hoda a gilashinsa, nakan tuna ta inda ya biyo.

Ga yadda aka yi haruffan nan uku suka hau kafaɗarsa. Sojojin Amurka ne suka fara shiga Jena a Afrilun 1945, amma yarjejeniyar manyan ƙasashe ta sa garin a rabon Tarayyar Sobiyet. Kafin su janye a watan Yuni, sai suka loda shugabanni da masana sama da ɗari na Zeiss da Schott a motoci suka yi yamma da su zuwa Heidenheim. Waɗannan suka kafa sabuwar masana'anta a Oberkochen a 1946. A shekarar nan dai Rashawa suka kwance mafi yawan injunan Jena suka yi gabas da su a matsayin diyyar yaƙi, tare da ɗaruruwan ƙwararru. Waɗanda suka rage suka sake gina masana'antar daga kango, gwamnatin gurguzu ta mayar da ita tata a 1948. Aka wayi gari da kamfani biyu, suna ɗaya, kowanne na cewa shi ne magajin gaskiya, kamar 'yan uba a gaban alƙali. Sun yi ta shari'a a kotunan ƙasashe da dama har 1971, lokacin da suka sasanta a Landan suka raba kasuwannin duniya. A wasu ƙasashen na gabas bai da ikon amfani da sunan, sai dai ya rubuta cewa kayan daga Jena suke kawai.

Jamus ta Gabas na buƙatar kuɗin waje, saboda haka ta riƙa fitar da madubai irin nawa da yawan gaske, a farashin da ɗalibi ko malamin makaranta a Ingila zai iya saye. Tsarinsa na Deltrintem ne, wanda aka fara fitarwa a 1920, ba a canza masa wani abin kirki ba sai shafen gilashi. Ba ma a Jena aka harhaɗa shi ba, a wani ƙaramin gari ne mai suna Eisfeld. Da katangar Balin ta faɗi a 1989, ƙasashen biyu suka haɗe a 1990, dubban ma'aikatan Jena suka rasa aikinsu, masana'antar Eisfeld ta koma hannun wani kamfani a 1991. A can yamma kuwa an daɗe da yin gaba. Moritz Hensoldt na Wetzlar ya riga ya kawo wani nau'in firizim mai ba da miƙaƙƙen bututu siriri, Leitz ya fito da Trinovid, a Ostiriya kuma Wilhelm Swarovski, ɗan gidan masu yanka duwatsun ado, ya kafa masana'antarsa a Absam a 1949, ya raɗa wa madubinsa na farko suna Habicht, wato shaho, yana nufin maharban tsaunukan ƙasarsa. Manyan maduban waɗannan gidaje a yau suna wuce dala 2,000. Wanda ke karɓar albashi da naira, gwanjo ce kaɗai ƙofarsa.

Sayen gwanjo a nan ba wauta ba ce, domin madubi ba shi da inji balle batir, kuma gilashi mai kyau ba ya tsufa in ba a ƙarce shi ba. Abin da ke lalacewa sananne ne, kuma da na san shi tun farko da ban yi asarar farko ba. Akan juya madubin a leƙa ta gilashin gaba a haska tocila: in an ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, wadda damina ke haifarwa, kuma in ta daɗe takan cinye shafen. Akan kalli wayar lantarki daga nesa, a janye madubin kaɗan daga fuska: in wayar ta karye, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu, to madubin ya taɓa faɗuwa, firizim ya goce, kuma ciwon kai na nan tafe. Abin murzawa na tsakiya ya juya sumul, ba cijewa ba sako-sako. Lambobin ma suna magana. Takwas ɗin nan ninkin kusantowa ne, talatin kuma faɗin gilashin gaba a milimita. In aka raba talatin da takwas za a sami 3.75, wato faɗin ɗigon hasken da ke shiga ido. Ninkin da ya wuce goma hannu ba ya iya riƙe shi ba rawa, don haka mai alkawarin sittin maƙaryaci ne tun daga kwali. Aibin nawa shi ne ba a toshe shi yadda ruwa da ƙura ba za su shiga ba, kamar na zamani da ake cika wa iskar naitirojin. Da hunturu a cikin leda yake kwana.

Yadda wannan kayan soja da maharba ya koma hannun masu kallon tsuntsaye shi ne ɓangaren da ya fi taɓa ni. A ƙarni na 19 masanin tsuntsaye maharbi ne, ba shi da wata hanyar tabbatar da tsuntsu sai ya riƙe gawarsa. Audubon, wanda manyan ƙungiyoyin kare tsuntsaye na Amurka ke ɗauke da sunansa, harbe su yake yi kafin ya zana. Boyd Alexander, wanda ya ratsa ƙasarmu zuwa Tafkin Cadi a tafiyarsa ta 1904 zuwa 1907, fatun tsuntsaye ya kwasa zuwa Ingila, kuma a Maifoni ta Maiduguri aka binne shi bayan an kashe shi a 1910. Amma tun 1889 wata Ba'amurkiya, Florence Merriam, ta wallafa littafi tana koya wa mutane sanin tsuntsaye da ɗan madubin gidan wasa. A ranar Kirsimetin 1900 Frank Chapman ya ba da shawarar a bar gasar da aka saba, ta wa ya fi kashe tsuntsaye a yinin, a koma ƙirga su. Mutum 27 suka fita, kuma ana yin wannan ƙidaya har yau. A 1934 Roger Tory Peterson ya fitar da littafinsa mai 'yan kibiyoyi da ke nuna alamar da za a gane kowane tsuntsu da ita daga nesa. Littafi irin wannan ba shi da amfani sai da madubi, madubin kuma ya samu a araha bayan kowane yaƙi, lokacin da rundunoni suka zubar da rarar kayansu a kasuwa.

Abin ya iso mu. A 1964 aka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya, kuma cikin jagororinta akwai Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A 1998 aka bayyana wa duniya wani ɗan jan tsuntsu na duwatsun Jos wanda kimiyya ba ta san da shi ba, kuma a dajin Amurum kusa da Jos yanzu akwai cibiyar A. P. Leventis da ke horar da 'yan Afirka wannan ilimi. Fadamarmu ta Haɗeja da Nguru kuwa masauki ce ga agwagwa da tsuntsayen bakin ruwa da ke tsallako Sahara daga Turai kowane hunturu. Sai dai madubi ba ya ƙirƙiro abin da babu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamar ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Gauraka, wadda Baffa ke cewa garke-garke suke sauka a bayan gari yana yaro, ni ban taɓa ganin ta a fadamar nan ba, da madubi ko babu.

Na daɗe ban nuna masa ba, ina tsoron ya ce na zubar da kuɗi a kan kallon abin da ba za a ci ba. Wani hunturu dai na ɗauke shi a babur muka je bakin ruwa da sassafe. Ya kai shekara goma rabonsa da harbi, ido ya yi rauni, daji ma ya ƙare. Na saita masa, na nuna masa abin murzawa. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Kirinjijiya ce a gaba," in ji shi, "ga ɗinya biyu a bayansu. Waɗancan ƙananan masu farin layi a gira baƙi ne, ba a nan suke ƙwai ba. Da sanyi suke zuwa, kafin zafi sun tafi."

"Daga Turai suke, Baffa. Wasu har daga Rasha."

"To, ai ka ji. Mu dai mun san ba namu ba ne."

Duk abin da na haddace a littafi ya riga ya san shi da rarrafe. Na lura kafaɗarsa ta dama ta ɗan ɗaga, kamar mai gyara zaman bindiga, sannan ta koma. Da farko na yi fargabar ɗigon haske na milimita 3.75 zai yi masa kaɗan, sai na tuna ƙwayar idon tsoho ba ta buɗewa kamar ta yaro, wadda kan kai milimita bakwai a duhu, saboda haka babban madubi ba zai ƙara masa wani abu mai yawa ba. Rana ta ɗaga, na ce mu koma, ya ce in dakata akwai zalɓe a cikin kacala yana son ya ga abin da zai kama.

Da muka isa gida bai miƙo mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Ya sa ƙanena ya kafa wata ƙusa kusa da ta burtu. Na bar masa ledar da jakar fatar, na roƙe shi kada ya goge gilashin da bakin riga. Idan lokacin ƙidayar tsuntsayen ruwa ya zo a watan Janairu nakan je in karɓi aro, yakan kuma tambaye ni ranar da zan dawo da shi.